Tsakanin Kunun Zaƙi da Burukutu: Abin da Ya Kumbura Gorunan Gwaggona

'Yan uwana matasa, barkanmu da sake haɗuwa a wannan shiri namu daga nan Birnin Gwari. Waɗanda sabis ko data ba ta bari su saurara ba, ga shi mun buga muku a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba maganar daji za mu yi ba, ba kuma ta siyasa ba. Maganar kunu ce. Na san wani zai ce, kai kuma duk matsalolin da ke damun garin nan ka rasa abin ɗaukowa sai kunun zaƙi? To ka yi haƙuri ka ji. Tun da tashin hankali ya koro mutane daga ƙauyukan yankin Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Kuyallo, matan da suka dawo cikin gari ba gona, ba dabba, da me kake tsammani suke ciyar da yara? Da kunun zaƙi, da zoɓo, da awara, da ƙosai. Jarin wata duka bai wuce tiya biyar ta gero da kula ɗaya ba. In ya lalace rana guda, gidan ya kwana da yunwa.

Kuma zan ambaci burukutu a shirin nan fiye da sau ɗaya. Kada wani ya yanko rabin magana ya ce na zo koyar da dafa giya. Ku bari in kai ƙarshe.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta baro ƙauyensu a 2021 da yara huɗu, mijinta ya rasu. Ta kama ɗaki a cikin gari ta fara kunun zaƙi. Allah ya sa wa hannunta albarka, har masu shago suna aiko yara su karɓa. To a azumin 2024, wanda kun tuna ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, sai aka fara samun matsala. Ta ɗura gora sittin da hantsi, kafin a sha ruwa rabinsu sun kumbura sun yi tauri kamar dutse. Ka buɗe murfi ka ji fuss, kumfa ta taso. Wata rana wani ya buɗe a bakin masallaci bayan magariba, ya shinshina, ya ce cikin wasa, wannan ai ya kusa zama burkutu. Wallahi iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kwana uku ba a yi ba maganar ta zaga unguwa, ta koma wai matar nan 'yar gudun hijira giya take sayarwa a cikin azumi.

Na je na same ta zaune ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce min, “Ɗan nan, asarar geron ba ta dame ni ba. Sunan ne. Da wane ido zan dubi mutane?”

Ni kuma da yake ilimin ƙananan halittu na karanta a jami'a, sai na ɗauki girman kai. Na ce Gwaggo kwantar da hankalinki, ƙwayoyin cuta ne, zafi ke kashe su. Na ce daga yau da kin sheƙa tafasasshen ruwa a gasara, nan take ki juye haɗin tsiro da dankalin a kai tun yana tururi, kar ki jira ya huce. Ta dube ni ta ce ba haka iyayenmu ke yi ba. Na ce ai shi ya sa ake zuwa makaranta. Ta bi maganata. Washegari abin da muka tarar a baho ya fi kama da talgen tuwo, ga kauri, ba zaƙi ko kaɗan, rariya ma ta ƙi tace shi. Tiya huɗu ta tafi. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Bokonka ya ci min gero.” Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Bayan Sallah na shiga Kaduna, na kwana wurin wani abokina Bagware da muka yi jami'a tare. Mahaifiyarsa ta yi shekaru tana dafa burukutu kafin ƙarfinta ya ƙare ta bari. Na gaishe ta, na ce Mama ina da tambaya amma ina jin nauyi. Ta ce faɗi, yarona. Na kwashe labarin na ba ta. Ba ta tambaye ni irin geron ba, ba ta tambayi injin markaɗe ba. Tambaya uku ta yi min. A cikin me take zuba kunun ya kwana? Na ce jarka ce rawaya mai lita 25. Ta ce hannu na shiga cikinta? Na ce a'a, ɗaurayewa take yi ta girgiza. Ta ce wanda ya yi kwantai jiya, ina take kai shi? Na ce juye shi take yi a sabo don kar a yi asara. Ta ce sukari fa? Na ce tun da safe take sa shi.

Sai tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Yarona, ai gwaggonka ta bi matakan sana'ata kaf ba ta sani ba. Mu tukunyar da ta saba da aiki muke nema, mu zuba guntun tsohuwar giya a sabuwa don ta tashi, mu ba ta zaƙi, mu ba ta ɗumi. Me ya rage?”

Nan jikina ya yi sanyi. Abin da na haddace don cin jarrabawa, ita a hannunta yake.

To bari in warware muku shi dalla-dalla, domin duk mai kunun zaƙi ko mai shirin farawa ya kamata ya san wannan. Ma'aikata uku ne ke aiki a cikin bahon kunu, kuma ba ka ganin ko ɗaya da ido.

Na farko wani sinadari ne da ake kira amiles. Yana cikin tsiron hatsi, yana kuma cikin dankalin Hausa. Aikinsa ya daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari. Shi ne ke tsinka kunu ya kuma ba shi zaƙinsa na asali, wanda sunan ya samo tushe daga gare shi. Ya fi ƙwazo a zafin digiri 60 zuwa 70. In zafi ya kai wajen 80, ya mutu, ba ya dawowa. Kun ga inda na yi wa Gwaggo ɓarna ke nan. Shi sitacin gero da dawa sai ya ji zafi sosai ya nuna kafin amiles ya iya cinsa, shi kuma amiles ba ya jure wannan zafin. Shi ya sa iyayenmu ke raba ƙullun biyu, su dama kaso mai yawa da tafasasshen ruwa, su bar shi ya sha iska, sannan su zuba ɗanyen kason mai tsiro da dankali. Ba camfi ba ne, lissafi ne.

Na biyu su ne ƙwayoyin tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Su ne ke ba kunu ɗan tsamin nan mai daɗi in ya kwana, kuma tsamin da suke samarwa yana hana ƙwayoyin cuta da dama sakewa. Waɗannan abokanmu ne, matuƙar ba su wuce gona da iri ba.

Na uku shi ne yis, irin wanda ke tayar da ƙullun burodi da fanke. Yana jikin hatsi, yana cikin iska, yana maƙale a duk mazubin da ba a wanke da kyau ba. Abincinsa sukari. In ya ci, kusan rabin nauyin sukarin ya koma barasa, rabi ya koma iska. Wannan iskar ce ke kumbura gora. Don haka gorar da ta yi tauri tana gaya maka cewa wani abu na cin sukarinka a ciki, kuma galibi yis ne.

Mai burukutu da mai kunun zaƙi duka suna amfani da na farko da na biyu. Inda suka rabu shi ne na uku. Ita tana gayyatarsa, ta ba shi kamar kwana biyu ya yi aiki. Mu kuma aikinmu mu hana shi wurin zama. Shi ya sa na ce wanda ya san yadda giya ke tashi ya fi kowa sanin yadda za a hana ta tashi.

Wannan ilimi ma a duniya daga wurin masu irin wannan sana'a ya fito. A 1856, a garin Lille na Faransa, wani mai masana'antar barasa ya kai wa Louis Pasteur kuka cewa wasu randunansa na yin tsami suna lalacewa. Pasteur ya duba da madubin ƙara girma, ya ga a masu kyau akwai yis zagaye-zagaye, a lalatattun kuma akwai wasu ƙananan halittu masu kama da sanduna. Daga irin wannan bincike aka kai ga dabarar ɗumama abin sha don ya daɗe, wadda har yau madarar kanti ke cin moriyarta.

Mu nan Najeriya ma muna da namu tarihin. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Dole kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa, kuma irin nan na gajerar kaura, SK5912, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar, yana cikin waɗanda aka dogara da su. Ma'ana tsiron dawar da kakanninmu ke shanyawa a tabarma shi ne manyan masana'antu suka dawo suna nema. Sana'ar da muke rainawa ilimi ce babba.

Ta ɓangaren addini kuma, ni ba malami ba ne, hukunci na malamai ne. Amma akwai abin da ya ba ni mamaki da na koma kansa. A Sahihu Muslim an rawaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya ƙara ajiye shi. Sannan a hadisin tawagar Abdul Ƙais an hana yin irin wannan jiƙo a wasu mazubai, har da duma da kututturen dabino da aka fafe, kafin daga baya a sassauta a bar hanin a kan abin da ke bugarwa. Ku duba abin da aka kula da shi: lokaci da mazubi. Su ne dai abubuwa biyun da Mama ta tambaye ni.

Yanzu mu shiga matsaloli ɗaya bayan ɗaya, da maganin kowace.

Matsala ta farko, kunu ya yi kauri ya ƙi zaƙi. Dalili biyu ne. Ko an zuba tsiro a kan zafi mai yawa kamar yadda na yi, ko tsiron ne ba shi da ƙarfi. Maganin na farko ma'aunin zafi. Ba na asibiti ba, shi wannan a digiri 42 yake tsayawa. Na girki ake nema, mai dogon tsinke. Ki bari damammen kason ya sauko wajen digiri 65, sannan ki zuba ɗanyen, ki juya sosai, ki rufe ki lulluɓe da bargo ko buhu na awa ɗaya don ɗumin ya tsaya. Za ki gani da idonki yana tsinkewa. Akwai kuma wata dabara da masu dafa giya a gida a Turai da Amurka ke yi, mu ma za ta yi mana amfani. A ɗebi cokali ɗaya a zuba a farin faranti, a ɗiga aidin, wannan na wanke ciwo. In ya koma baƙi-shuɗi mai duhu, sitaci na nan da yawa. Shi kunu ba zai taɓa rasa sitaci gaba ɗaya ba, ba ma a so ya rasa, amma in kika gwada a farko kika sake gwadawa bayan awa guda launin bai rage duhu ba, tsironki bai yi aiki ba. Abin da aka ɗiga wa aidin a zubar, kar a mayar cikin baho.

Matsala ta biyu, tsiron da kansa. Kafin ka sayi buhu don tsiro, ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan kwana uku. In waɗanda suka fito ba su kai 90 ba, nemi wani. Kada ka kusanci irin shuka da aka cuɗa da magani, mai launin ja ko shuɗi, wannan guba ce, na ƙasa ne ba na ciki ba. In ka jiƙa hatsi, ka riƙa sauya ruwan. In ka baza shi, kar ya yi tudu, don in ya yi tudu tsakiya na ɗaukar zafi ta yi fumfuna. Kwana uku zuwa huɗu ya isa, sai a shanya ya bushe ƙarau. Wanda ya yi fumfuna a zubar, ba a wanke a ce ya gyaru. Wasu nau'in fumfuna na fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda masarar da ke ɗauke da ita.

Ga masu tsiron dawa kuma akwai ƙarin kashedi. Duk wanda ya yi kiwo a yankin nan ya san gyauron dawa na iya kashe saniya. Sinadarin da ke yin haka, wanda ke sakin gubar sayanaid, yana taruwa ne a cikin ɗanyen tofo da saiwar tsiron. Saboda haka in tsiro ya bushe a murje shi da hannu, a sheƙe saiwar da tofon su fita, ƙwayar kaɗai za a kai niƙa. Mama ta ce su ma ba sa tsallake wannan.

Matsala ta uku, ita ce ta Gwaggo: kumburin gora, kumfa, da warin da ba a so. Dokoki huɗu. Ɗaya, kwantan jiya ba ya shiga na yau, ko cokali guda. A sha a gida tun yana da kyau, ko a ba dabba, ko a zubar. Biyu, duk mazubin da hannu da soso ba sa shiga ko'ina a cikinsa, ba na kwanan kunu ba ne. Uku, kwanan ya zama gajere. Lokacin sanyi awa goma zuwa sha biyu ba laifi, amma a zafin Maris da Afrilu awa shida zuwa takwas ta isa, ki ɗanɗana, da tsamin ya yi miki ki tace. Huɗu, sukari sai dab da ɗurawa, ɗurawa kuma sai an tanadi sanyi. Sukari da safe a gorar da za ta wuni a zafi, kamar ka shimfiɗa wa ɓarawo tabarma ne.

Matsala ta huɗu, tsami ya wuce misali ko kunun ya yi yauƙi. Tsamin da ya wuce, lokaci ne ya yi yawa ko wuri ya yi zafi. Yauƙi kuwa wasu ƙwayoyi ne suka samu gindin zama, galibi a kyallen tata, ko muciya mai tsaga, ko bahon roba da ya kakkarce. A dafa kyallen tata a tafasasshen ruwa kullum, a shanya a rana. Sannan ku kula da injin markaɗe. Wanda aka gama markaɗa waken ƙosai ko tattasai aka ɗauraye sama-sama, duk abin da ya rage a ciki kunu zai kwasa. Ki je da sassafe, ki tafi da ruwanki mai tsabta, ki roƙi mai injin ya wanke a gabanki.

Matsala ta biyar, masu saye na kukan ciwon ciki. Nan yawanci ruwa ne. Kunun ya ji wuta, amma ruwan da aka ƙara wajen tata bai ji ba, ƙanƙarar da aka jefa ciki ma ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Ruwan tata a tafasa shi ya huce. Ƙanƙara kuma a waje take zama, a jikin gora, ba a cikin kunu ba. Kuma don Allah a guji garin sinadarai da ake aunawa a leda ba suna ba kwanan wata. Ba mu manta abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu bayan shan abin sha da aka haɗa, hukumar NAFDAC ta ce wani sinadari ne daban aka sayar da sunan ɗan tsami. In tsami kike so, ga tsamiya, ga lemon tsami.

Sai kayan aiki. Ba na son in lissafo abin da sai mai kuɗi, don haka zan jera su bisa muhimmanci.

Farko bokiti mai faɗin baki da murfi, sabo, na abinci. Juya gindinsa za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 ko 5 su ake so. Kuma ina roƙon ku da girman Allah, jarkar maganin feshi ko durom ɗin da aka zubo sinadari a ciki, ko sau ɗari aka wanke, ba ta abinci ba ce. Mu garin manoma ne, jarkokin nan sun cika gidaje, na sha ganin ana ɗiban ruwa da su.

Na biyu ma'aunin zafi da na ambata. Mata uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, bayan mako biyu hannunsu ya gane zafin da kansa.

Na uku burushin wanke gora mai dogon hannu, da ruwan bilic. A fara da sabulu da burushi, sannan a jiƙa minti biyu a ruwan da aka sa cokalin cin abinci ɗaya na bilic a lita huɗu, a ɗauraye da dafaffen ruwa, a kife. Kar a haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Gaskiyar magana, gorar da aka tsinto a tasha ko bakin asibiti ba ta dace ba ko an wanke. Wadda hali ya yi mata ta sayi sababbi, wadda bai yi ba ta karɓa daga gidajen da ta sani.

Na huɗu tukunya. Irin wadda ake narka tarkacen ƙarfe a zuba, an sha gano dalma a cikin irinta, kuma abu mai tsami na jawo ta. In ita kike da ita, dafa ruwa a ciki, amma kar kunu ya kwana a ciki. In jari ya ƙaru, a sayi ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Na biyar, ga wanda ke son ya kai kaya nesa, ɗumamawa irin ta Pasteur. Bayan an tace, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya kai digiri 65, a riƙe shi a nan minti 30, sannan a sa tukunyar a rufe cikin bahon ruwan sanyi ta huce da wuri. Wannan na kashe mafi yawan yis da ƙwayoyin tsami. Amma ba zan ɓoye muku ba, yana ƙara masa ɗan kauri, ɗanɗanon ma na ɗan sauyawa, wasu masu saye na ganewa. Kuma kar a ɗura da zafi, gorar roba na lanƙwashewa.

Na shida sanyi. Ƙasa da digiri 5 yis kusan barci yake yi. Kun dai san halin wuta a garinmu. Firizar sola ita ce mafita, amma ta fi ƙarfin mace ɗaya, sai an yi taron dangi. Kafin nan akwai dabarar Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, wadda ta ba shi kyautar Rolex a 2000: tukunyar ƙasa a cikin babbar tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Tana aiki sosai da rani lokacin da iska ta bushe. Ba ta kai firji ba, ba za ta ba ki kwana biyu ba, amma za ta kai kunun hantsi zuwa magariba in an kiyaye sauran dokokin.

To ina labarin Gwaggo ya kwana? Na dawo na faɗa mata duk abin da Mama ta ce. Da ta ji daga bakin wa maganar ta fito, ta yi shiru, sannan ta ce, “Allah Ya saka mata. Ka kai mata gaisuwata.” Jarkar nan rawaya muka yanke ta, sai ga wani farin dafi-dafi ya lulluɓe kafaɗarta ta ciki, inda ruwa ba ya wankewa. Yanzu tana zuba wa kaji ruwa a ciki. Muka sayi bokiti biyu da ma'aunin zafi, kuɗin geron da na ɓata ma na biya. Ta rage yawan abin da take yi, gora arba'in da za su ƙare sun fi sittin da za su yi kwantai. A azumin da ya biyo baya ko gora ɗaya ba ta kumbura ba.

Amma ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya koma yadda yake ba. Akwai shaguna biyu da har yau ba su sake aiko yaro ba. Kunu ya gyaru cikin mako guda, suna kuwa har yanzu ana kan gyara.

Shi ya sa zan rufe da roƙo biyu. Na farko ga mu masu saye. In ka buɗe gora ka ji ta canza, kar ka sha, amma kuma kar ka yi shela. Koma wurin mai ita a ɓoye ka ce Baba ko Yaya, kayan yau ya juya. Wasan da ka yi a bakin masallaci na iya zama sanadin da marayu za su kwana ba tuwo.

Na biyu ga 'yan uwana da muka yi boko. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara, hanyar Kaduna ta fara samun motoci, baƙi na shigowa, masu saye na ƙaruwa. Allah Ya ɗorar da zaman lafiyar. Wannan dama ce ga iyayenmu mata. Kai da ka karanta kimiyya, je ka zauna kusa da murhun innarka. Amma ka fara da tambaya, kar ka fara da umarni kamar yadda na yi. In kun kai ku biyar a unguwa, ku haɗa ku sayi ma'aunin zafi da burushi ku ba masu kunun layinku. Wanda ya san hanyar samun firizar sola da za a riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya yi mana magana.

Masu sana'ar kuma, ku rubuto mana matsalar da kuke fuskanta, ku faɗi hatsin da kuke amfani da shi, awa nawa yake kwana, da irin mazubin. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauki zoɓo da kunun aya, wanda shi ya fi kowanne saurin lalacewa. Wanda ke da 'yar uwa mai kunu da ba ta karatu, ya karanta mata wannan.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya tsare mana mutuncinmu, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya. Sai mun sake haɗuwa.